Muhawarar Waiwayar Yaƙin Basasar Nijeriya

Muhawarar waiwayar yaƙin basasa ita ce taƙaddamar da aka daɗe ana yi a Nijeriya kan yadda ya kamata ƙasa ta yi da tarihin yaƙin da aka gwabza tsakanin Gwamnatin Tarayya da yankin Gabas da ya ɓalle da sunan Biyafara daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. Wani ɓangare na ganin wajibi ne a binciki abin da ya faru, a koyar da shi a makarantu, a kuma faɗi wanda ya zalunci wani. Wani ɓangaren kuwa cewa yake a bar kaza cikin gashinta, tunda an riga an yi sulhu kuma zama tare ya ci gaba. Muhawarar takan taso duk shekara a ranar 15 ga Janairu, wadda ita ce ranar tunawa da mazan jiya, da kuma 30 ga Mayu, ranar da aka ayyana Biyafara. Takan kuma ɓarke duk lokacin da wani babba ya fitar da littafi ko ya yi wani furuci game da yaƙin.

Ba a taɓa yin ƙidayar hukuma ta waɗanda suka mutu ba. Ƙiyasin masana ya kama daga mutum dubu 500 zuwa miliyan 3, akasarinsu fararen hula, musamman ƙananan yara da yunwa ta kashe a yankin da aka yi wa ƙawanya. Wannan tazara mai faɗi ita kanta tana cikin hujjojin masu neman a waiwaya.

Daga ina labarin ya fara

Babban abin da ya sa muhawarar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne kowane ɓangare da ranar da yake fara ba da labari daga gare ta. A Arewa ana farawa ne daga daren 15 ga Janairu 1966, lokacin da wasu ƙananan hafsoshi, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo, suka yi juyin mulki. An kashe Firimiyan Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, tare da matarsa Hafsatu a Kaduna. An kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Yamma Cif Samuel Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. A cikin soja, Arewa ta rasa manyan hafsoshinta a dare ɗaya: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Babu wani babban ɗan siyasa daga Gabas da aka taɓa. Janar Aguiyi-Ironsi, wanda mulki ya faɗa hannunsa, bai gurfanar da masu juyin mulkin gaban shari'a ba, sannan a ranar 24 ga Mayu ya kafa Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin yankuna ta mai da ƙasar dunƙulalliya. Mutanen Arewa suka ɗauki wannan a matsayin cikon wani shiri na mamaye su.

A Gabas kuwa labarin yana farawa ne daga ƙarshen watan Mayu na wannan shekara, lokacin tarzomar Araba a biranen Arewa, sai juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli wanda a cikinsa aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan, da hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas masu yawa a barikoki. Mafi muni shi ne kashe-kashen Satumba da Oktoba, waɗanda ake ƙiyasta sun ci rayukan mutum dubu 8 zuwa dubu 30, suka kuma sa fiye da mutum miliyan ɗaya gudu zuwa Gabas. An kashe 'yan Arewa su ma a wasu garuruwan Gabas a wannan tsakani, ko da yake adadinsu bai kusanci wancan ba.

Duka labaran biyu gaskiya ne. Matsalar ita ce da wuya ka sami mai ba da ɗaya ya haɗa da ɗayan ba tare da ya mai da shi uzuri ba.

Rabon Kano a cikin tarihin

Kano ba 'yar kallo ba ce a wannan al'amari. Tun a Mayu 1953 an yi tarzoma tsakanin mutanen gari da mazauna Sabon Gari kan batun lokacin karɓar mulkin kai, aka yi asarar rayuka. A Janairu 1966 kwamandan Bataliya ta 5 da ke Kano shi ne Laftanar Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, haifaffen Zungeru, kuma ya ƙi ba Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, ɗaya daga cikin masu juyin mulkin, haɗin kai, abin da ya taimaka wajen karya lagon juyin mulkin a Arewa. Akwai abota tsakaninsa da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, har ma da ya zama gwamnan Gabas ya naɗa Sarkin uban Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Watanni kaɗan bayan haka, a farkon Oktoba 1966, sojojin wannan bataliya suka yi bore, suka buɗe wuta kan 'yan Gabas da ke jiran tafiya a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, kisan ya bazu zuwa Sabon Gari. Wannan rana tana cikin mafi baƙin ranakun da birnin ya gani, kuma babu wani allo ko gini a Kano da ke tuna ta.

An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, cikin jihohi 12 da Yakubu Gowon, wanda ya gaji Ironsi, ya kafa kwana uku kafin Ojukwu ya ayyana Biyafara, aka ba Audu Baƙo gwamna. Malam Aminu Kano ya shiga majalisar zartarwa ta Gowon a matsayin kwamishinan tarayya. Ta filin jirgin Kano aka shigo da jiragen yaƙi samfurin MiG daga Tarayyar Sobiyet a 1967. Ɗan Kano, Murtala Muhammad, wanda yake kan gaba a juyin mulkin Yuli, shi ya jagoranci Runduna ta Biyu da ta ƙwato jihar Tsakiyar Yamma daga hannun Biyafara. Sojojin wannan runduna ne suka yi kisan Asaba a ranar 7 ga Oktoba 1967, inda aka ware maza aka harbe ɗaruruwa. Wannan yana da nauyi a bakin Bakano, domin Murtala gwarzo ne a idon jama'a saboda mulkinsa na 1975 zuwa 1976, kuma a kwance yake a Kano. Amma abin ya faru, akwai sunayen mamatan, kuma mutanen Asaba suna taron tunawa da su.

Akwai wani ɓangaren tarihin da shi ma ba a cika faɗa ba. A lokacin tarzomar 1966, Hausawa da yawa sun ɓoye maƙwabtansu da abokan cinikinsu 'yan Gabas a gidajensu har ƙura ta lafa. Bayan yaƙi, Ibo da suka dawo Kano da sauran biranen Arewa sun sami gidajensu, wasu ma har da kuɗin hayar da aka tara musu. A Fatakwal abin ya sha bamban, domin can aka kira gidajen Ibo dukiyar da aka yasar, kuma da yawa ba su koma hannun masu su ba. A yau Sabon Gari da unguwannin ƙaramar hukumar Nassarawa da ke kusa da ita, irin su Gwagwarwa, Gama, Tudun Wada da Kaura Goje, cike suke da jikokin mutanen da wancan zamani ya shafa ta fuskoki daban-daban, suna zaune layi ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. Masu cewa a yi shiru da wannan zama suke kafa hujja. Masu cewa a yi magana su ma da shi suke kafa tasu, domin a ganinsu zaman da ya jure shekara hamsin zai iya jure jin gaskiya.

Siyasar shiru

Yaƙin ya ɗauki wata 30. An yi zaman sulhu a Aburi ta ƙasar Gana a Janairu 1967 kafin a fara harbi, sannan a Kampala da Yamai da Addis Ababa a 1968, duk ba su haifar da komai ba. Inugu ta faɗi a Oktoba 1967, Fatakwal a Mayu 1968, daga nan Biyafara ta rasa hanyar teku, yunwa ta yi tsanani. Ƙasashe biyar ne kawai suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Ojukwu ya fice zuwa Kwaddibuwa a Janairu 1970, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas.

Gowon ya bayyana cewa ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci da yaƙi, ya kuma shelanta manufar sulhu da sake gini da farfaɗo da jama'a. Ba a kafa kotun hukunta 'yan tawaye ba, ba a yi kisan ramuwa da duniya ta yi fargaba ba. Wannan abin a yaba ne, kuma ƙasashe kaɗan ne suka fita daga yaƙin basasa haka. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima domin matasa su zauna a jihohin da ba nasu ba, aka ƙara yawan makarantun haɗin kai na tarayya. Shekara tara bayan yaƙi Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shugaba Shehu Shagari, kuma Shagarin ne ya yi wa Ojukwu afuwa a 1982 ya dawo gida. Da Ojukwu ya rasu a Nuwamba 2011, an binne shi da karramawar soja.

Sai dai afuwar ta zo da wani sharaɗi da ba a rubuta ba, wato kada a tambayi kowa komai. Bayan yaƙin, ba a binciki juyin mulkin Janairu a fili ba, ba a binciki kashe-kashen 1966 ba, haka Asaba, haka abin da sojojin Biyafara suka yi wa ƙananan ƙabilu a Tsakiyar Yamma da yankunan Ribas da Kalaba, waɗanda aka riƙa zargi da zagon ƙasa. Ga kuma matakan da mutanen Gabas ke ɗauka a matsayin horo a kaikaice: fam 20 da aka ba duk mai ajiyar banki da ya taɓa asusunsa a Biyafara, komai yawan kuɗinsa, da dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni ta 1972, wadda ta zo lokacin da hannun Ibo ba kuɗin sayen hannun jari.

Kwamitin Oputa

Ƙoƙari mafi girma da hukuma ta yi na waiwaye shi ne kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam da Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa a 1999 ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, da Matthew Hassan Kukah a matsayin mamba. An faɗaɗa hurumin kwamitin ya koma baya har zuwa 15 ga Janairu 1966. Ya yi zaman sauraron jama'a a Abuja, Legas, Fatakwal, Kano da Inugu, ana nunawa a talabijin. Ƙungiyar Ibo ta Ohanaeze ta shigar da doguwar ƙara tana zargin kisan ƙare dangi tana kuma neman diyya, ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa ta mayar da martani da nata labarin, wanda ya faro daga kisan Sardauna. Wannan ne karo na farko da ɓangarorin biyu suka zauna a zaure ɗaya kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa a gaban alƙali.

Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Mayu 2002. Tsofaffin shugabanni uku, Muhammadu Buhari, Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar, ba su amsa gayyatarsa ba, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya raunana hurumin kwamitin. Gwamnati ta fake da wannan ta ƙi fitar da rahoton. Ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi a 2005.

Littafi, makaranta da fim

Inda hukuma ta yi shiru, marubuta sun cike gurbin, amma ba daidai wa daida ba. Obasanjo ya fitar da My Command a 1980, Alexander Madiebo, kwamandan sojan Biyafara, ya fitar da nasa a shekarar, Adewale Ademoyega, ɗaya daga cikin masu juyin mulkin Janairu, ya rubuta Why We Struck a 1981. Elechi Amadi da Ken Saro-Wiwa sun rubuta yadda ƙananan ƙabilun Neja Delta suka ga yaƙin, kuma labarinsu bai yi wa Biyafara daɗi ba. Littafin Chimamanda Ngozi Adichie, Half of a Yellow Sun na 2006, ya kai labarin ga matasan duniya, kuma da aka mai da shi fim hukumar tace finafinai ta jinkirta nuna shi a Nijeriya na tsawon watanni a 2014. Littafin Chinua Achebe na 2012, There Was a Country, ya tayar da ƙura musamman a ƙasar Yarbawa saboda zargin da ya yi wa Cif Obafemi Awolowo game da yunwa. A Fabrairu 2025 Babangida ya ƙaddamar da tarihin rayuwarsa, inda ya ƙi yarda a kira juyin mulkin Janairu na Ibo, magana ta sake dawowa sabuwa.

Abin lura shi ne ƙarancin abin da Arewa ta rubuta. Rundunar sojan Nijeriya ta tashi daga kimanin mutum dubu 10 zuwa kusan dubu 250 a lokacin yaƙin, kuma kaso mai yawa na waɗannan sababbin sojoji daga Arewa suka fito, musamman Tibi da sauran ƙabilun tsakiyar ƙasa, da Hausawa da Barebari. Dubbai ba su dawo ba. Manyan kwamandoji irin su Muhammadu Shuwa, wanda ya riƙe Runduna ta Ɗaya, da Hassan Usman Katsina sun bar duniya ba tare da labarinsu ya shiga hannun jama'a yadda na takwarorinsu na Kudu ya shiga ba. Abin da Hausa ta adana ya fi yawa a waƙa, kamar waƙar Alhaji Aƙilu Aliyu ta yabon soja mai suna Jiki Magayi, da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo na lokacin. Waƙoƙin an yi su ne don ƙarfafa gwiwar mayaƙa, ba su ɗauke nauyin rubuta tarihi ba. Sakamakon haka yaron Arewa da ya je neman labarin yaƙin yakan tarar da kakanninsa a littattafan wasu, ko dai a matsayin gungun masu kisa ko a matsayin mutanen da ba su da suna.

A makaranta ma abin bai gyaru ba. Tsarin karatun da aka fito da shi a 2007, aka fara aiki da shi wajen 2009, ya cire tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu a firamare da ƙaramar sakandare. Sai a zamanin Ministan Ilimi Adamu Adamu aka dawo da shi, aka yi bikin ƙaddamarwa a 2022. Gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana Umuahia tun shekarun 1980, amma makamai ya fi nunawa, ba mutane ba.

Hujjojin ɓangarorin

Masu adawa da waiwaye ba mutanen banza ba ne, kuma da yawansu tsofaffin sojoji ne da suka ga yaƙin da idonsu. Suna cewa ƙasar da ke fama da Boko Haram da 'yan bindiga da rikicin manoma da makiyaya ba ta da ƙarfin ɗaukar wani sabon rikici kan abin da ya wuce. Suna nuni da cewa duk wani bincike zai rikiɗe ya zama neman diyya da cinikin siyasa, kuma idan aka buɗe kundin Asaba dole a buɗe na Sardauna da Maimalari, daga nan ba wanda ya san inda za a tsaya. Suna kuma tunatar da cewa tawagar masu sa ido ta ƙasa da ƙasa da ta zo a 1968 ta ce ba ta ga shaidar shirin ƙare dangi ba, ko da yake masana na bayan nan sun soki iyakar inda tawagar ta iya kaiwa.

Masu goyon bayan waiwaye suna amsawa da abin da shirun ya haifar. An kafa ƙungiyar neman farfaɗo da Biyafara ta MASSOB a 1999, IPOB ta Nnamdi Kanu ta biyo baya a 2012, kuma mafi yawan mabiyansu an haife su ne bayan yaƙin. A 6 ga Yuni 2017 gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa ta taru a Arewa House da ke Kaduna ta ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, sai da gwamnoni da sarakuna suka sa baki aka janye a watan Agusta. A Yuni 2021 Shugaba Buhari, wanda ya yi yaƙin, ya wallafa gargaɗi ga masu tayar da hankali a Kudu maso Gabas yana ambaton yaƙin basasa, kamfanin Twitter ya goge saƙon, gwamnati ta dakatar da shi a Nijeriya har zuwa Janairu 2022. Duk waɗannan sun nuna cewa ba a manta da yaƙin ba ko kaɗan. Ana tuna shi kullum, amma a bakin masu neman tunzura jama'a, ta Facebook da WhatsApp, da hotunan da ba a san asalinsu ba.

A nan hujjar masu waiwaye ta fi ƙarfi. Zaɓin da ke gaban ƙasar ba tsakanin tunawa da mantawa yake ba, domin mantawar ba ta samu ba cikin shekara fiye da hamsin. Abin da ya rage shi ne wane ne zai ba da labarin, malamin tarihi mai takardu a hannu ko mai neman mabiya.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Afirka ta Kudu ta kafa hukumar gaskiya da sulhu ƙarƙashin Desmond Tutu a tsakiyar shekarun 1990, inda aka yi wa mai laifi afuwa idan ya faɗi gaskiya a fili. Ruwanda ta yi amfani da kotunan gargajiya na gacaca har zuwa 2012. Sifen ta zaɓi shiru bayan mutuwar Janar Franco a 1975, ta yi dokar afuwa a 1977, amma jikokin waɗanda aka kashe suka matsa har aka yi dokar tunawa da tarihi a 2007, aka shiga tono kaburburan bai ɗaya. Kusa da gida, Jamhuriyar Nijar ta mai da 24 ga Afrilu ranar haɗin kan ƙasa don tunawa da yarjejeniyar 1995 da 'yan tawayen Abzinawa, kuma a 2000 aka ƙona makamai a bainar jama'a a Agadas. Misalin Sifen ya fi kama da na Nijeriya, domin ya nuna shirun da iyaye suka amince da shi ba ya ɗaure jikoki.

Halin da ake ciki

Lokaci yana ƙure wa muhawarar. Gowon ya cika shekara 90 a Oktoba 2024, kuma ƙaramin sojan da aka ɗauka a 1967 yana ɗan shekara 18 yanzu ya haura 75. Aikin da ba ya buƙatar izinin kowa shi ne naɗar bayanan waɗannan dattawa da na matan da suka rasa mazajensu, da na Ibo da suka gudu suka dawo, da na waɗanda suka ɓoye su, a cikin Hausa da sauran harsunan da abin ya faru a cikinsu. Cibiyoyin da za su iya wannan suna nan: Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, gidan Mambayya da sashen tarihi na Jami'ar Bayero a Kano. Arewa tana da haƙƙin da take bi a wannan tarihi, tana kuma da wanda ake bin ta, kuma ba za ta iya neman a saurari na farko tana kauce wa na biyu ba.

Abin da ya rage a wuyan Gwamnatin Tarayya shi ne rahoton Oputa. An miƙa mata shi tun Mayu 2002, kuma har yau ba ta wallafa shi a hukumance ba.